Hannun Waifa a Hanyar Mayo-Ulo

A tashar Garwa, idan hira ta ƙare wa mutane, sai a ɗauko Shu'aibu. Masu lodi suna cewa shi kaɗai ne direban da yake yi wa mota sallama kafin ya buɗe ƙofarta. Mai shayi ya rantse ya taɓa ganinsa yana goge lambar baya da hularsa, ya kaɗe, ya mayar kansa. Léandre makaniki kuwa, wanda ya fi kowa sanin cikin tsohuwar Fijon nan, cewa yake ba mota ba ce, gwaggo ce: ba a yi mata tsawa, ba a tashinta da gaggawa, kuma idan ta yi tari sai kowa ya yi shiru.

Amma abin da aka fi yi masa dariya a kai shi ne waifa, mai share ruwa a gilashin mota. Duk shekara, da ruwan ƙarshe ya ɗauke, Shu'aibu yakan sa sifana ya kwance hannuwan waifar nan biyu daga gindin gilas, ya shafe su da mai, ya naɗe a tsumma, ya kai wa matarsa Kaltumi ta tura ƙarƙashin gadonta. Can suke zama har damina ta dawo. Idan an tsokane shi yakan ce ranar Garwa tana dafa roba ta kashe sifirin, kuma tasha ba ta rasa masu saurin hannu. Gaskiya ya faɗa. Hannuwan nan da motar suka zo, kuma irinsu ya ƙare a shagunan garin. Sai an aika Mubi, can ma sai an yi sa'a.

Bana, da hadari ya fara leƙowa ta wajen Binuwai, ya ce da Kaltumi ta fito masa da su. Ta durƙusa, ta jawo akwati, ta jawo kwanuka, ta jawo tsohuwar fitila. Babu.

"Baban Nafi, anya ka ba ni su bana?"

"Ban ba ki ba? Wace shekara ce ban ba ki ba?"

Da a ɗaki maganar ta tsaya, da ta mutu a nan. Amma ya fito tsakar gida da zafinsa, a lokacin da yayarsa Halime ta zo gaisuwa, matan maƙwabta kuma suna bakin famfo da bokitansu. A gabansu ya ce ai ya ga mai sayen tsohon ƙarfe yana yawan tsayawa a ƙofar gidan nan da amalankensa, yanzu ya gane abin da yake kawo shi. Mace, ya ce, idan ta ga robar wanki sabuwa, ko ƙofar gida sai ta cire ta bayar.

Famfon ya ci gaba da zuba, bokiti ya cika ya tumbatsa, ba wadda ta kula. Kaltumi ta koma ɗaki ta mayar da kwanukanta inda suke. Tun daga ranar tana ajiye masa abinci, tana wanke masa kaya, amma maganarta ta koma "to" da "a'a."

Ran da labarin nan ya faru, sammako ya yi zuwa garejin Léandre, don jandarmomin hanya sun fara leƙen gilas tun da suka ga sama ta canza. Léandre ya tona tarin ƙarafansa har ya zaƙulo hannuwa biyu daga wata gawar Fijo da kaji suka mayar gida. Ya hura ramin gindin ɗaya, ya ɗaga shi saitin haske, ya tsuke baki.

"Mon frère, ɗan'uwana, dubi nan. Haƙoran ciki sun cinye, sumul kamar bakin kakata. Sandan da yake juya shi yana da haƙora, shi ba shi da su. Me zai kama?"

"Ɗaure kawai."

"Zan ɗaure. Amma ka ji da kunnenka."

Ya yanko ɗan ɓallin gwangwanin tumatir, ya naɗa a kan sandan, ya danna hannun a kai, ya ɗaure noti har jijiyar wuyansa ta fito. Haka ya yi wa na biyun. Suka watsa ruwa da buta, Shu'aibu ya kunna. Hannuwan suka tashi da kasala, suka shafi gilas kamar masu jin kunyarsa, suka kwanta.

"Zai ɗauki yayyafi," in ji Léandre. "Ruwan wajen garin Gidar kuwa, ban san ka ba, ba ka san ni ba."

Shu'aibu ya ɗaga kai ya dubi sama. "Yau babu ruwa."

"Madame fa? Ta huce?"

"Wa ya gaya maka?"

"Wa bai gaya mini ba?"

Ya iso tasha ya tarar layinsa ya zo, masu lodi suna ta murmushin da bai gane ba. An cika kujerar ƙarshe da katan-katan na sabulu, kayan Hadje Mariam, tsohuwar 'yar kasuwa da ta fi shi sanin ramukan hanyar Mayo-Ulo. Ita tana kujerar tsakiya, ta baje, kusa da ita wani saurayi malamin gona mai suna Serge, rungume da jakarsa. A gaba kuwa, a wurin mutum biyu, mace ɗaya ce zaune, da gyalenta na fita unguwa da jaka a kan cinya.

Ya sunkuya ta taga. "Kaltumi, mene ne haka?"

Ta miƙo masa tikiti ba tare da ta juyo ba. "Shofer, Mayo-Ulo za ni. Ƙofar gidan yayana Mukhtar za ka sauke ni, bayan masallacin kasuwa. Wuri biyu na yanka, kar a matse ni."

"Sauko mu yi magana."

"Ban saba hira da direbobi ba."

Mai shayi ya juya baya yana tari. Daga tsakiya Hadje Mariam ta buga bayan kujera da tafin hannu.

"Ɗana, idan shari'a za a yi a sauke mini sabuluna. Idan tafiya ce, a tafi."

Shu'aibu ya shiga ya tayar da mota. Ya san Mukhtar. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, kuma idan ƙanwarsa ta tsallake dokin ƙofarsa da jaka, fitowarta sai an tara dattawa, an yi zarya, an ji kunya iri-iri. Yana da daga nan zuwa Mayo-Ulo ya sa ta fasa. Sai dai a ransa har yanzu ita ce da laifi, kuma bai ga abin da zai sa mai gaskiya ya fara lanƙwasawa ba.

Suka wuce garin Pitowa. Ya rage gudu wurin masu gyaɗa, ya sayi ƙulli ya ajiye a tsakaninsu. Ta ɗauka ta miƙa baya.

"Hadje, ga sadaka daga shofer."

"Allah ya karɓa," in ji Hadje, ta kwance ta ba Serge rabi. "Ci, yaro. Faɗan manya riba ne ga na baya."

Ya kunna rediyo, ta kama Fulatanci, ta kama Faransanci, ta kama shuuu, ya kashe. Ya ce, kamar da sitiyari yake, 'yarsu Nafisatu za ta kira daga makaranta ran Juma'a, ko me za a ce mata oho. Kaltumi ta ce, kamar da taga take, yarinyar tana da lambar kawunta.

A Gidar suka tsaya aka yi azahar. Sama ta riga ta yi nauyi a kan duwatsun yamma, iska tana kwasar ledoji tana kai su rufin shaguna. Hadje ta dubi hadarin, ta dubi hannuwan waifar, ta dubi Shu'aibu.

"Waɗannan ba naka ba ne."

"Aro ne."

"Sun yi kama da aro."

Ba su yi nisa da gari ba ruwan ya sauko, kuma bai yi sallama da yayyafi ba. Gaba ɗaya ya zubo, kamar an kifar da randa a kan rufin. Shu'aibu ya murɗa makunni. Hannuwan suka tashi, suka kwanta, suka tashi, suka kwanta. Ya fara cewa a ransa Léandre ya cika tsoro, sai na gefensa ya miƙe tsaye a tsakiyar gilas ya tsaya cak. Na gefen Kaltumi ya ƙara shara ɗaya don kunya, sa'an nan ya faɗi can ƙasa ya yi shiru. Ana jin injin waifar yana ta aikinsa a ciki, wiii, wiii, yana juya sanduna a cikin ramukan da ba su da abin kamawa.

"Doucement, patron! A hankali!" Serge ya riƙe kujera. "Ba na ganin hanya!"

"Kai da kake baya ke nan," in ji Hadje.

Shu'aibu ya lallaɓa ya sauka gefe. Gilas ya zama kamar ƙasan kogi. Jira ba zai yiwu ba: a gabansu akwai mayo, irin rafin da yake bushe duk rani, mota ta bi ta kan siminti ta haye. Idan ruwan duwatsu ya gangaro ya cika shi, sai dai su kwana a wannan gefen. Hadje ta faɗa, Serge ya faɗa, shi ma ya sani.

"Akwai dabara," ya ce. "Bari in samo igiya."

Ya fita cikin ruwan, ya zaga baya, ya ɗaga murfin but ya fake a ƙarƙashinsa. Yana da 'yar siririyar igiyar leda da yake cusawa ƙarƙashin kujerar ƙarshe. Ya ture katan ɗaya, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Ya taɓa igiyar. Bayan igiyar kuma, can ƙurya, yatsunsa suka taɓa tsumma, da wani abu dogo mai tauri a ciki.

Bai buƙaci ya buɗe ba. Amma ya jawo ya buɗe bakin tsumman. Ga su nan, su biyu, suna ƙyalli da man da ya shafa musu da hannunsa.

Sai ranar ta dawo masa gaba ɗaya. Ya kwance su da la'asar a ƙofar gida. Kaltumi ta tafi suna unguwar Yelwa da makullin ɗakinta. Ya ce bari ya tura su nan kafin ta dawo. Da magariba aka kira shi ɗaukar wani mara lafiya, shi ke nan.

Ruwa yana sauka ta gefen murfin yana shiga wuyan rigarsa, bai ji ba. Ta saman katan-katan yana hango bayan kan Kaltumi, gyalen a tsaye, ba ta waiwayo ba. Aikin ɗan lokaci ne ya ɗaura su a wuce lafiya. Amma sai ya bi ta gaban gilas da su a hannu, a gaban Hadje Mariam, wadda duk abin da ta gani da rana kasuwa biyu suke jinsa kafin dare. A ransa ya ga fuskar Halime. Ya ga mai shayi.

Ya mayar da tsumman ƙurya, ya tura katan a kai, ya ɗauki igiya.

Ya sassauta notocin don hannuwan su yi lilo yadda suke so. Ya ɗaure kawunansu biyu da guntun igiya don su tafi tare. Ya ƙulla dogon bakin ɗaya a na hagu ya shigo da shi ta tagarsa, ya ƙulla wani a na dama ya shigo da shi ta tagar Kaltumi. Ya shiga yana ɗiga, ya haɗa bakunan biyu ya miƙa mata.

"Ki ja wannan, su tashi. Ki ja wancan, su kwanta."

"Ni fasinja ce."

"Madame, mu yi canji," in ji Serge. "Ki dawo baya, ni in ja."

"Na yanki wurina. Ba na tashi."

Hadje ta leƙo tsakanin kujeru. "'Yata, fushinki da mijinki ne, ba da wuyana ba. Kai ni gida da raina, in ya so gobe ni zan raka ki wurin alƙali."

Kaltumi ta ajiye jakarta a ƙasa, ta karɓi igiyar.

Da fari abin bai yi kyau ba. Ta ja da ƙarfi, hannuwan suka wuce gilas suka bugi ƙarfen gefe. Ta ja ɗayan, igiyar ta shafi hancin Shu'aibu. Tagogin kuma dole a bar su a ɗan buɗe, ruwa yana feso su ta gefe biyu. Sai Hadje ta fara ba ta kiɗa da tafi, irin na masu daka: "Naki! Nasa! Naki! Nasa!" Serge ya kama da bugun jaka. Kafin su kai gangaren, Kaltumi ta gane hannun abin. Gilas yana buɗewa, yana rufewa, yana buɗewa, kuma a kowace buɗewa Shu'aibu yana tsintar ɗan yankin hanya ya ajiye a kansa.

"Rami a dama," ta ce. Wannan ce magana ta farko da ta yi masa ba da sunan shofer ba.

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Ni na nuna maka."

Suka sami mayon ya fara gudu, ruwan ja, bai kai rabin taya ba. Ya sa giya ta ɗaya, Hadje ta bar tafi ta kama salati, Kaltumi tana ja da sauri-sauri kamar mai saƙa. Fijo ta yi tari a tsakiya, kowa ya ɗauke numfashi, ta yi tunani, ta haye. Serge ya yi ihu da yaren garinsu. Hadje ta ce wallahi sai ta ba da labarin nan har jikokinta. Kaltumi kuwa dariya ta ƙwace mata, irin wadda take rufe baki da gefen hannu, ga ruwa yana bin goshinta, ga kwallinta ya zubo.

Shu'aibu ya ji daɗin dariyar nan har cikin ƙirjinsa, sai kuma ya tuna da tsumman da ya ɓoye a ƙurya.

Ruwan bai tsaya ba, ya dai rage fushi. Na baya suka koma hirarsu, Hadje tana tambayar Serge dalilin da ya sa takin bana ya makara. Kaltumi ta ci gaba da ja. Can ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan gilas.

"Baban Nafi."

"Na'am."

"Na duba ko'ina. Har buhun masara na zazzage. Har bayan randa." Ta ja, ta saki. "Ina ta tunani. Lokacin bikin 'yar Halime an cika ɗakin nan da baƙi, yara suna ta shiga ƙarƙashin gado. Ban kulle ba. Wataƙila a nan ne. In haka ne, sakacina ne." Ta ja, ta saki. "Amma ban sayar ba. Wannan kaɗai nake so ka sani."

Ga ƙofa ta buɗe masa, faffaɗa. Abin da zai ce kawai shi ne, ya wuce, Allah ya kiyaye gaba. Za su sauke Hadje, su gaida Mukhtar a tsaye, su juya tare. Wani mako ya ce ya samo wasu a Mubi masu kama da na da.

Ya juyo zai faɗa, sai idonsa ya sauka a hannunta. Ta naɗe tafin dama da bakin gyale, gyalen fita unguwar da ba ta yarda ko turare mai maiƙo ya taɓa. Igiyar ledar ta ci fatar gindin yatsunta, jini ya ɓullo ta cikin yadin, ruwa yana baza shi. Tana ta ja.

Ya taka birki.

"Me kuma?" in ji Hadje. "Gwaggon ta gaji?"

Ya fita, ya zaga baya, ya ture katan. Ya dawo ta gefen Kaltumi, ya shimfiɗa tsumman a kan bonet, saitin fuskarta, ya buɗe.

Igiyar ta tsaya. Ruwa ya rufe gilas, ya daina ganin fuskarta, ya gode wa Allah da hakan.

Ya kwance na aron ya jefa ƙasan kujera. Ya zare ɓallin gwangwanin da ya niƙe, ya bi haƙoran sandunan da bakin ƙusa yana fitar da garin ƙarfen da ya cushe su. Ya zura hannu ta taga ya kunna injin ya kashe, don sandunan su koma mazauninsu, in ba haka ba hannuwan za su share bonet ne a maimakon gilas. Ya ɗora dogon a gefen direba, gajeren a ɗaya gefen, kowanne ya zauna a haƙoransa da ɗan ƙas. Ya ɗaure. Duk wannan aikin ya yi shi a hankali fiye da yadda yake buƙata.

Da ya shiga ya murɗa makunni, hannuwan suka tashi tare, suka share gilas tas, ba ƙara, ba tsalle. Duniya ta fito sarai: jar hanya, gonakin da aka fara sharewa, duwatsu suna hayaƙi.

"Ikon Allah," in ji Hadje. "Mai tsohon ƙarfen ne ya biyo mu da amalanke?"

Ashe har ita ta ji. Serge ya sa fuskarsa cikin jaka, kafaɗunsa suna rawa.

Kaltumi ta warware igiyar daga hannunta, ta naɗe ta tsaf, ta ajiye a kan dashbod. Muryarta ba ta tashi ba.

"Yaushe ka gan su?"

Yana iya cewa yanzu. "Da na je ɗauko igiya."

"Kafin mayo."

"Kafin mayo."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta daga ƙasa ta mayar kan cinya, ta juya ga taga. Daga nan har Mayo-Ulo ba abin da ake ji sai waifa tana aikinta, kyakkyawan aiki, wanda Shu'aibu bai taɓa jin haushinsa ba sai yau. Sau biyu yana buɗe baki. Na farko ya ce hannun yana ciwo? Ta ce a'a. Na biyu ya ce ai shekaru ne, mutum yana mantuwa. Hadje ce ta amsa masa, ta ce ita ta girme shi nesa amma ba ta taɓa mance inda bakinta yake ba.

Sun shiga gari ruwa ya koma yayyafi. Ya ce zai fara sauke Hadje.

"A'a," in ji Hadje. "Ni ba na sauri. Fara da na gaba."

"Ni ma," in ji Serge.

Bayan masallacin kasuwa, Mukhtar yana zaune a zaurensa tare da wasu dattawa biyu da ruwa ya tsare, ga mata a rumfar mai ƙosai ta maƙwabta suna jiran ya ɗauke. Duk suka bi motar da ido. Mukhtar ya taso, ya dubi surukinsa jiƙe sharkaf, ya dubi ƙanwarsa da jaka da hannu a naɗe.

"Lafiya, Kaltumi?"

"Lafiya lau, Yaya. Bari in sallami direba."

Ta fito ta tsaya tsakanin motar da zauren, ba ta matsa ko ina ba. Shu'aibu ya zagayo ya tsaya kusa da ita, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kaltumi, kin dai gane. Abin ya wuce. Mu gaisa mu koma."

"Me ka ce? Ban ji ba."

"Na ce kin gane ai."

"Ran nan a tsakar gida ban sha wahalar jin ka ba. Har na bakin famfo sun ji." Ta gyara riƙon jakar. "Ko ruwan ne ya shiga maka murya?"

Ya dubi zauren. Dattawan sun daina jan carbi. Mai ƙosai ta tsaya da matsami a sama, mai yana ɗiga. A bayansa ya ji ƙarar taga ana saukewa, Hadje Mariam tana gyara zama don kar komai ya wuce ta. Kafin jibi tashar Garwa za ta samu, da ƙari, mai shayi zai yi shekara yana sayar da shayi da shi.

Kaltumi ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a kan dokin ƙofar yayanta, ta tsaya a haka.

Shu'aibu ya cire hularsa da ta jiƙe, ya matse ta a hannu, ya yi gyaran murya. Da ya buɗe baki, muryar ta fi yadda ya nufa ƙarfi, har akuyar da ke fake a gindin bango ta ɗago kai.

"Yaya Mukhtar, ku shaida. Hadje, ki kai Garwa yadda na faɗa, kar ki rage. Na ce matata ta sayar mini da kaya, ƙarya na yi mata, suna cikin motata. Na gan su kuma na ɓoye, na bar ta tana jan igiya har hannunta ya fashe. Kaltumi, ban kyauta miki ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."